Daren da Aka Buɗe Mana Ƙofa a Faris

Kwana takwas aka rubuta mana a takardar tafiya. Mun sauka a filin jirgin sama na Charles de Gaulle ranar Lahadi, 8 ga Nuwamba, 2015, ni da wani dattijo abokin aikina da kowa ke kira Alhaji, saboda wani gajeren kwas da wurin aikinmu ya tura mu. Ya girme ni da kusan shekara talatin. Ni kuma ina ɗan jin Faransanci, na gaisuwa da tambayar hanya, shi ko "zo in kashe ka" bai sani ba. Sai muka raba aiki: takardu a hannunsa, magana a bakina.

Otal ɗinmu ƙarami ne, a gunduma ta 10 daga cikin gundumomi 20 na birnin Faris, tafiyar minti goma da ƙafa zuwa dandalin République. Abu biyu na lura da su tun ranar farko. Na ɗaya, sojoji. Uku-uku ko huɗu-huɗu suke yawo a tashoshin jirgin ƙasa, bindiga a ƙirji, ba sa kula kowa. An ce mana tun watan Janairu aka baza su, bayan harin da aka kai ofishin jaridar Charlie Hebdo da waɗanda suka biyo baya, inda aka kashe mutum 17 cikin kwana uku. Na biyu, ƙofofi. Kowane gidan bene yana da wata ƙatuwar ƙofa a bakin titi, a gefenta ɗan allo mai lambobi. Idan ba ka san lambar da ake dannawa ba, ko bugu ba za ka yi a ji ka ba, don masu gidan suna can sama. A lokacin burge ni abin ya yi, har na ɗauki hotonsa.

Kwas ya ƙare da safiyar Juma'a, 13 ga wata. Muka yi sallar Juma'a a babban masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da dare, wajen ƙarfe tara, Alhaji ya ce mu ɗan taka, zaman ɗaki ya ishe shi. Ba a sanyi sosai a daren duk da Nuwamba ce, shi ya sa mutane suka cika kujerun da ake jerawa a ƙofar gidajen shan shayi da na abinci. Muka bi gefen mashigin ruwan nan da ake kira Canal Saint-Martin, samari da 'yan mata zaune a bakin ruwa suna hira, wani yana kaɗa jita.

Ƙarfe 9:25 muka ji ƙarar.

Ni na ɗauka abin wasan wuta ne, irin wanda yara ke kunnawa. Tas-tas-tas, ya ɗan tsaya, ya sake ɗauka. Mutanen bakin ruwa ma suka ɗaga kai kawai, wasu har da murmushi. Alhaji ne ya riƙe mini hannu da ƙarfi, ya ce, "Ɗana, wannan ba wasa ba ne. Bindiga ce." Bai rufe baki ba sai ga mutane sun ɓullo daga wani titi a guje, wata mata ba takalmi, wani mutum riƙe da damtsensa, jini na bin yatsunsa. Babu mai ihu. Wannan shirun har yau yana damuna, don na zaci mutum idan ya ga mutuwa kururuwa yake yi. Ƙarar takalma kawai kake ji da haki.

Daga baya muka san cewa a mahaɗar titin Bichat da titin Alibert ne, inda wasu mutane suka fito daga wata baƙar mota suka buɗe wuta a kan masu zaune a ƙofar Le Carillon da Le Petit Cambodge. A lokacin abin da na sani shi ne hanyar otal ɗinmu ta wajen ƙarar take. Sai na ja Alhaji muka nufi République, don nan ne kaɗai wurin da na sani sosai. Baƙo ko da ido makaho ne, inda ya sani nan yake gudu, ko da can ne haɗarin yake. Ba mu yi nisa ba, bayan kamar minti bakwai, ƙarar ta sake tashi, wannan karon a gabanmu, kuma kusa ƙwarai. A bakin titin Fontaine-au-Roi ne, mutum 5 suka mutu a wurin. Hantar cikina ta kaɗa. Baya wuta, gaba wuta.

Muka faɗa wani ɗan lungu. Nan na tuna da ƙofofin da suka burge ni. Na tura ta farko, a kulle. Ta biyu, a kulle. Na riƙa danna lambobi barkatai a allon, ina dukan katako da tafin hannu, kamar wanda ya zautu. Gwiwar Alhaji dama tana ba shi matsala, ya jingina da bango ya ce, "Ka tafi, ɗana, ni na gaji." Na ce, "Alhaji, wallahi ƙafarka ƙafata." A duk faɗin birnin nan mai mutum sama da miliyan biyu, ba mu da ƙofa ko ɗaya da za mu ce tamu ce.

Sai na hango haske can gaba kaɗan. Wata tsohuwa ce, farin gashi, da silifas ɗin ɗaki da rigar sanyi a kafaɗa, ta tokare ƙofar gidansu da jikinta tana yafito mutane da hannu. "Entrez, entrez," take cewa, wato ku shigo. Ba ta tambayi kowa ko shi wane ne ba. Na ga idonta ya sauka a kan hular Alhaji da gemunsa, ya wuce zuwa na bayanmu, hannun bai daina yafitowa ba. Da muka kai tara ta saki ƙofar ta rufu, na ji ƙarar makullin, ƙas. Ban taɓa jin sauti mai daɗi kamarsa ba.

Ɗakinta a hawa na uku yake, babu lifta. Ni da wani saurayi muka tallafi Alhaji a matakala. Ta kashe fitilu, ta ce kowa ya nisanci taga, muka zazzauna a ƙasa a ɗan falonta, tsakanin kujeru da kantar littattafai. Ta kawo ruwa da barguna. Ta kunna talabijin, ta rage murya.

Ƙwallo ake bugawa. Faransa da Jamus, wasan sada zumunta a filin Stade de France da ke Saint-Denis, arewa da birnin. 'Yan wasa na ta gudu a kan ciyawa kamar babu abin da ya faru, mu kuma muna zaune a duhu jikinmu na rawa. Ashe a can aka fara. 'Yan ƙunar baƙin wake uku sun tarwatsa kansu a wajen filin, na farko tun wajen ƙarfe 9:20, an kuma fitar da shugaba François Hollande daga cikin 'yan kallo a asirce. Hukuma ta bar wasan ya ci gaba har ƙarshe, ba a sanar da mutanen ciki ba. A daren na ji haushin hakan. Da na ga abin da tsoro ke sa taro ya yi, kwana biyu bayan nan, sai na gane gaskiyarsu: da an ce wa mutum kusan 80,000 su fita a lokaci guda, turmutsutsu kaɗai zai kashe fiye da abin da bama-baman suka kashe a wurin.

Aka sauya tasha. Labarai suka fara shigowa gutsure-gutsure. An yi harbi a titin Charonne, a ƙofar La Belle Équipe. Wani ya tayar da bam a jikinsa a wani gidan shayi a titin Voltaire. Wayoyin mutane kuma na ta kawo wasu labaran, an ce ana harbi a Les Halles, an ce a nan, an ce a can, da yawansu ƙarya. Jita-jita a irin wannan dare makami ce ta biyu, kuma mu da kanmu muke harba ta, kowa na turawa don ya taimaka. Daga nan aka ambaci Bataclan.

Saurayin da ya taya ni tallafar Alhaji ya miƙe zumbur. Ƙanwarsa tana can. Bataclan zauren kaɗe-kaɗe ne a titin Voltaire, a daren akwai mutum kusan 1,500 a ciki suna kallon wasu mawaƙa daga Amurka, 'yan bindiga uku suka shiga da misalin ƙarfe 9:40. Daga inda muke, tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci. Ya kira ta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Zai kira na uku, wata mata da ke kusa da shi ta dafe wayar da hannunta, ta yi masa magana a hankali. Na fahimci abin da ta ce: idan tana ɓoye, ƙarar wayarka ce za ta tona ta. Ka tura saƙo. Na ga fuskar yaron lokacin da maganar ta shige shi, ya tuna ya riga ya kira sau biyu. Ya rubuta saƙon, ya ajiye wayar a kan gwiwarsa, ya zuba mata ido. Duk lokacin da hasken fuskarta ya mutu sai ya taɓa ta da yatsa ya dawo da shi. Haka ya yi ta yi, awa kusan uku.

Akwai wani tsoro da ya same ni a ɗakin wanda sauran mutanen ba su da shi, kuma sai na faɗe shi labarin zai cika. Mai karanta labarai ya ce shaidu sun ji maharan suna kabbara. Ɗakin ya yi tsit. Babu wanda ya juyo ya kalle mu, amma ni ji nake kamar duk idanun duniya a kanmu suke. Alhaji na gefe yana jan carbi, leɓɓansa na motsi. Na matsa na raɗa masa, "Alhaji, don Allah sa shi a aljihu." Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, su suka saci kalmar nan. Ni ban saci komai ba." Ya ci gaba da ja.

Tsohuwar ta lura da mu. Ta tambaye ni me yake yi. Na haɗa ɗan Faransancina na ce addu'a yake yi wa ƙanwar yaron nan, kuma gaskiya na faɗa, don na ji abin da yake roƙo. Ta gyaɗa kai, ta faɗa wa saurayin. Bai ce komai ba. Can sai ya jawo jiki ya zauna kusa da Alhaji, kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da waya, ɗaya da carbi. Na ji kunyar raɗar da na yi. Ban kuma yafe wa waɗanda suka jefa ni cikin wannan kunyar ba, mutanen da suka harbe bayin Allah suna zaune suna hira, cikinsu har da Musulmi, sannan suka ce addinina suke yi wa aiki.

Wayata saura kaɗan caji ya ƙare lokacin da Umma ta kira. Ta ji a rediyo. "Kana ina? Ka faɗa mini gaskiya." Na ce, "Umma, ku kwantar da hankalinku, ina cikin gida, an kulle ƙofa." Ta ce, "Gidan wa?" Na ce na wata tsohuwa ce, ban san ta ba. Ta yi shiru, na ji tana jan numfashi, sannan ta ce, "Allah ya yi mata albarka. Kada ka fita." Wayar ta mutu a kunnena. Wani mutum a ɗakin ya miƙo mini cajarsa ba tare da na roƙa ba. Da ta kunnu na ga Facebook ya buɗe wani wuri da mutum zai danna ya nuna yana lafiya, na danna, saƙonni suka yi ta zubowa. A Twitter kuma mazauna birnin na ta rubuta PorteOuverte, ma'ana buɗaɗɗiyar ƙofa, suna sanar da waɗanda suka maƙale a titi cewa ga wurin fakewa. Tsohuwarmu ba ta san da wannan ba, ko wayar zamani ba ta da ita. Ƙara ta ji, ta sauko bene.

Dab da sha biyun dare Hollande ya fito a talabijin, ya kafa dokar ta-ɓaci a duk faɗin ƙasar, ya ce za a tsaurara kan iyakoki. Bayan sha biyu da kamar minti ashirin jami'an tsaro suka kutsa inda maharan suka yi garkuwa da mutane a Bataclan. Jiniya ba ta tsaya ba duk daren. Wajen ƙarfe biyu saurayin ya miƙe ya ce zai tafi. Kowa ya hana shi, tsohuwar har ta riƙe masa riga, ya sumbaci hannunta ya zare rigar. Kafin ya fita ya dafa kafaɗar Alhaji. Saƙonsa dai ba a amsa ba har lokacin. Ban sake ganinsa ba.

Da gari ya fara wayewa muka yi shirin komawa otal. Na roƙi Alhaji ya cire hularsa, don titi cike yake da jami'ai masu yatsa a kan kunamar bindiga, kuma babu wanda ya yi barci a cikinsu. Wannan karon bai musa ba. Ya cire, ya ɗora a hannun kujera yana ɗaura takalmi, muka yi sallama muka sauka. An tare tituna da jan zare mai ratsin fari. Sau biyu aka tsayar da mu, hannu a sarari, aka duba fasfo, aka ce mu wuce. Ta nesa na hango kujerun da aka kifar, da gilashi mai hudojin harsashi, da yashin da aka zuba a ƙasa don rufe jini. Asibitin Saint-Louis na daura da wurin, tsallaka titi kawai.

Asabar birnin ya zama kufai. An rufe hasumiyar Eiffel, an rufe gidajen tarihi da makarantu, an ayyana zaman makoki na kwana uku. Ƙungiyar IS ta ce ita ta kai harin. Adadin ya yi ta hawa har ya tsaya a mutum 130, 90 daga cikinsu a Bataclan, waɗanda suka jikkata sun haura 400. Wuri ɗaya da na ga layi shi ne inda ake ba da jini, har aka riƙa roƙon mutane su koma gida su dawo wani makon. A falon otal wani baƙo ɗan Labanon ya ce mini a ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin namu, bam biyu sun kashe mutum sama da 40 a unguwar Burj al-Barajna ta Bairut, kuma ƙungiyar ɗaya ce. Ya faɗa ba da ɗaci ba, amma na ji nauyin maganar, don ni kaina ban ji labarin ba sai daga bakinsa.

Na zaci abin ya wuce. Ranar Lahadi da yamma muka je République. An hana taro, amma mutane sun cika wurin, sun kewaye mutum-mutumin tsakiyar dandalin da kyandira da furanni da takardu. An rubuta taken birnin da manyan haruffa, kalmomin Latin da ke nufin igiyar ruwa na kaɗa shi amma ba ya nitsewa. Muna tsaye shiru sai wani abu ya yi ƙara daga gefe, wani ya yi ihu, kan ka ce kwabo dubban mutane sun watse a guje. Ban yi shawara da kaina ba, ƙafafuna ne suka tafi. Na taka kyandira, na taka furannin da aka ajiye wa mamata, na ture wata mata ban tsaya ba. Sai da na tsinci kaina a bayan wata mota na tuna da Alhaji, mutumin da na yi wa rantsuwa shekaranjiya cewa ƙafarsa ƙafata. Babu ko harsashi ɗaya da aka harba, firgita ce kawai. Na same shi bayan minti goma zaune a gefen titi, wasu 'yan mata biyu na ba shi ruwa. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ce, "Tashi, ɗana. Ba kai ka gudu ba, daren Juma'a ne bai fita daga jikinka ba." Ya yi gaskiya. Watanni bayan na koma gida, idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi, idan na shiga wuri sai idona ya nemi hanyar fita kafin ya nemi kujera. Dokar ta-ɓacin Faransa ta kai har Nuwamban 2017. Ko a Yunin 2022, da na ji an yanke wa Salah Abdeslam, wanda shi kaɗai ya rage da rai cikin maharan daren, ɗaurin rai da rai, tafin hannuna sai da ya yi gumi.

Jirginmu na daren Litinin ne. Da tsakar rana aka yi shiru na minti ɗaya a duk ƙasar, muka tsaya a bakin titi tare da kowa. Daga nan Alhaji ya ce ba zai bar garin nan ba sai ya yi wa matar nan godiya. Muka yi ta neman lungun, da rana duk sun yi kama da juna, har muka gane shi. Ƙofar a rufe, ga allon lambobi. Ba mu san lambar ba, ba mu san sunanta ba. Muka tsaya kusan rabin awa kafin wani mutum ya fito da kare. Ya gan mu, ya riƙe ƙofar rabi, ya tambayi wa muke nema. Na ce tsohuwar hawa na uku, daren Juma'a. Ya ƙare mana kallo, sannan ya buɗe ta gaba ɗaya.

Ta gane Alhaji kafin ta gane ni. Ya tsaya a bakin ƙofarta ya yi ta jero mata addu'a, Allah ya rufa mata asiri, Allah ya sa ta gama lafiya, Allah kada ya rufe mata ƙofa ranar da take nema, ya juyo ya ce, "Fassara mata." Na buɗe baki, Faransancina bai kai ba. Na ce mata ya ce ya gode. Ta ce ta ji sauran ma. Ta ce mu jira, ta shiga ciki, ta fito da hular a ninke cikin wani farin ƙyalle.

Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya warware ta, ya kafa a kansa, ya gyara mata zama. Muka sauko matakalar a hankali saboda gwiwarsa, muka fito titi neman tasi.